Akwatin Wuta a Bayan Dosso

A Kamba na gane cewa idon Baba ya fi lalacewa a kan yadda Inna ta gaya mini. Muna tsaye gaban teburin masu duba takardu, ya zura hannu a aljihu, ya ciro katin asibitin ƙanena ya miƙa wa jami'in, yana murmushi irin na wanda ya saba ƙetare iyaka. Girman katunan ɗaya ne, kuma aljihu ɗaya suke. Kafin mutumin ya ɗago kai daga wayarsa na zare katin daga yatsun Baba, na saka masa katin shaidarsa. Muka hau kabu-kabu muka nufi Gaya.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ina makarantar kwana ta 'yan mata a Argungu, an ba mu dogon hutu. Abin da aka faɗa wa maƙwabtanmu a Badariya shi ne Baba zai kai ni ganin dangi a Nijar. Ba mu da kowa a Nijar. Aikin Baba gyaran akwatunan wuta ne, waɗanda ake kafawa a gindin turakun sadarwa. Kwangilar da yake yi a Birnin Kebbi ta ƙare, ya daɗe zaune a gida, yanar ido kuma ta soma rufe masa idanu biyun. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma ƙananan rubutu da launuka masu haske sun ɓace masa. Asibiti kuwa ya ƙi zuwa, don tsoron a sa masa wuƙa a ido, da tsoron labari ya kai kunnen masu ba da aiki.

Ana nan sai wani ɗan kwangila a Dosso mai suna Hamani ya samu lambarsa wurin wani tsohon abokin aiki, ya kira shi. Ya ce a zo a gyara turaku uku na gwaji, in aiki ya yi kyau sauran turakun yankin duk na Baba ne har ƙarshen shekara. Baba ya amsa tun mutumin bai rufe baki ba. Inna ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba, in kuma an ɗauki bare, bare zai yi magana. Ƙannena duk ƙanana ne. Sai ni.

Ni ce 'yar fari, don haka tun tasowata Baba ba ya kiran sunana, ba ya zama hira da ni. In yana son ruwa ƙanena yake aikowa ya faɗa mini. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta gidajenmu. Amma sai ga shi an haɗa mutum biyu a hanya waɗanda ba su san yadda za su yi wa juna magana ba.

Turken farko yana bayan garin Gaya, kusa da gonakin rake. Hamani bai zo ba, ya aiko da kayan a kwali, mabuɗi kuma yana hannun mai gadi. Mai gadin ya buɗe mana shinge ya koma rumfarsa, ya bar mu mu biyu.

Baba ya cire agogonsa da zobensa ya sa a aljihu, ya ce in cire awarwarona. Sifanarsa duk a naɗe take da baƙin tef, bakinta kaɗai ke waje. Da ya buɗe akwatin sai iska mai ɗumi ta bugo mu, da wari kamar na dutsen guga. A ƙasa batura ne manya a jere. A tsakiya wasu ƙananan aljihunan ƙarfe ne, kowanne da fankarsa da koriyar fitilarsa, ya ce sunansu rektifaya, su ke karɓar wutar janareta su mayar da ita irin wadda batir ke sha. A sama kuma ga wani allo mai layi biyu na bireka, wato makunnan yanke wuta, bayansu sanduna na jan ƙarfe. Shi muka zo canzawa.

«Wanga shi ne mai rabo,» in ji Baba, yana fuskantar akwatin, ba ni ba. «Duk wutar da anka dafa ƙasa, nan take zuwa a raba ta.»

Ya yi mini bayani a hankali, kamar da akwatin yake magana. Layi ɗaya na kayan da za a iya haƙura da su ne. Ɗaya layin na farantin nan ne da ke can saman turke, wanda ke miƙa maganar mutane zuwa turke na gaba. In janareta ya mutu batir ya fara ja baya, akwai makunni a bayan allon da zai yi ƙas da kansa ya yanke layin farko, don abin da ya rage ya ishi faranti har a kawo mai. In faranti ya mutu, garin ya yi shiru, da duk garuruwan da ke bayansa. Ya ce haka Inna ke yi in tuwo ya yi kaɗan, ta san wanda zai iya jira. Layin da ake fara yankewa ana manna masa 'yar takarda rawaya, ba ta fi farcen babban yatsa ba.

«Ina rawayar take?»

Na ce a ƙasa.

«Mi anka rubuta bisa wanga?»

Na karanta masa lambar. Haka muka yi aikin nan har la'asar. Shi ke tambaya, ni ke amsawa, da murya ƙasa ƙasa don kada mai gadi ya ji. Sauran duk hannunsa ya sani. Yakan ɗaure noti, ya wuce, ya dawo ya sake taɓa shi. Kafin ya ɗaga kowace bireka sai ya yi bisimilla. Da wuta ta kawo, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa yana neman inda ya yi zafi. Ni na naɗa jan tef a wayar faranti don a riƙa gane ta. Daga nan ya kashe janareta muka zauna jira, da yake baturan wurin sun tsufa ba mu daɗe ba muka ji ƙas ɗin. Fitilun layin ƙasa suka mutu, na sama suka tsaya. Baba ya yi dariya, 'yar gajeruwa, ta hanci. Rabona da jin ta tun kafin azumi.

Dosso ta fi ba mu wuya. Ɗakin da aka ce an tanadar mana ashe sito ne a bayan wani shago, cike da naɗin waya da tsoffin batura. Baba ya roƙi matar da ke maƙwabtaka da shagon ta bar ni in riƙa kwana da 'ya'yanta mata. Ta yarda, ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarshen layi, kusa da ƙofa. Zabarmanci suke yi. Na saba jin sa a kasuwar Argungu, shi ya sa kullum nake ji kamar saura kaɗan in gane, amma ba na ganewa. In sun yi dariya sai in yi murmushi in sunkuyar da kai. Ƙaramarsu takan zauna ta zuba mini ido ina salla, wata rana ta ɗauki takalmina ta gwada, ta mayar ta jera su daidai fiye da yadda na ajiye.

Burodinsu dogo ne mai tauri, ya kankare mini dasashi. Na yi kewar tuwon shinkafar Inna, na yi kewar ƙarnin kifin da nake toshe hanci saboda shi a bakin gulbi, har ƙarar ƙarfen tashi na makaranta na yi kewa. Layin wayar Baba ya daina aiki tun Gaya. Sau ɗaya mai shagon ya ara mana tasa muka kira gida. Baba ya gaisa da Inna a taƙaice ya miƙo mini. Ba ta tambaye ni lafiyata ba. Ta ce, «Luba, shina cin abinci?» Na ce yana ci. A lokacin gaskiya ne.

Cikin kayan turke na biyu aka samu bireka ɗaya a fashe, sai muka shiga kasuwa neman wata. Mai shagon kayan wuta Bahaushe ne, mai fara'a, ya yi ta kiran Baba ɗan'uwa daga Najeriya. Na ga lokacin da ya lura da idon Baba. Baba ya ɗauki birekar ya kai ta dab da hancinsa, ya karkatar da kai gefe, mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya juya ya ɗauko wata daga wani kwalin daban. Mai lamba sittin da uku muke nema, wadda ya miƙo talatin da biyu ce. Sai na kama gefen hannun rigar Baba na ja.

«Ba wagga ba,» in ji Baba, ya ajiye ta.

Mutumin ya yi dariya ya ce, «To wa ke cinikin, kai ko yarinya?»

«Ita ke riƙon jaka, ka ga dole in bi ta a hankali.»

Suka yi dariya tare, ya kawo ta daidai, na ga lambar da idona, ya juya baya ya ƙulle ta a leda. Sai a gindin turke Baba ya kwance ledar, ya shinshina. Lambar daidai ce, amma birekar tsohuwa ce da ta taɓa ƙonewa, an goge ta da mai. Da muka koma, mutumin ya rantse bai taɓa sayar da irinta ba, fara'ar nan tana nan a fuskarsa ba ta ragu ba. Baba bai yi musu ba. Muka sayi wata a wani shagon, daga cikin guzurinmu.

Washegari ya sayo dambu da zogale a leda ɗaya ya ajiye gabana, ya ce shi azumi yake. Baba yakan yi azumin Litinin da Alhamis. Ranar Talata ce. Na ci rabi, na ƙulle rabi na saka a jakar kayan aikinsa, a saman sukundirebobi inda hannunsa zai fara taɓawa. Da yamma na duba, ledar ba ta nan. Ba wanda ya ɗaga zancen.

A turken Dosso ma rawayar a ƙasa take. Aiki ya yi kyau. Hamani ya aiko cewa ya je ya gani ya ji daɗi, kuma na ukun da kansa zai zo ya tsaya.

Na ukun yana wani ƙauye can bayan Dosso, hanyar jar ƙasa ce, damina ta cinye ta. Motar da muka shiga ta kafe a laka, maza suka fita turawa, Baba ma ya fita, ya bar mini jakar kaya a cinya. Da muka isa wandonsa ja ne har gwiwa. Muka kwana gidan mai gadin turken, ni a ɗakin matarsa, wata dattijuwa siririya mai suna Haisa.

Da safe mai gadi ya buɗe shinge, Baba ya buɗe akwatin ya cire agogo. Wannan akwatin ba irin na baya ba ne, ya fi faɗi, launinsa toka. Sabon allon da aka aiko ma na kamfani daban ne. Ina fito da shi daga kwali na ga 'yar takardar rawaya a layin sama, ta koɗe har ta kusa zama launin ƙarfen. Na ɗaga kai in faɗa, sai na tarar Baba da mai gadi suna tsakiyar gaisuwa, ana tambayar gida da damina da gajiyar hanya. Yarinya ba ta katse gaisuwar manya. Ban da haka, tun da muka fito shi ke tambaya ni ke amsawa, ban taɓa fara yi masa magana ba. Na ce a raina zai tambaya, ai kullum yana tambaya. Ana cikin haka muka ji hon.

Hamani dogo ne, mai sanyin murya, Hausarsa da ɗan karin Zabarmanci. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya ce aikin Gaya da na Dosso ya nuna masa har yanzu akwai masu aiki da tsoron Allah. Sannan ya gan ni. Ya ce ya yi haƙuri, amma dokar aikinsu ba ta yarda yaro ya shiga cikin shinge ba. Baba ya ce ɗiyarsa ce, kaya kawai take miƙa masa.

«Yau ni ne yaronka, Malam Garba. Ni zan miƙa maka. Bari ta huta a inuwa.»

Girmamawa ce, ba yadda za a ƙi. Baba ya juyo wajena, idanunsa suka tsaya kusa da fuskata, ba daidai kanta ba. Ya ce, «Tahi ki zamna.»

Na zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a wajen shinge, kusa da Haisa tana tsinke zogale a tire. Ta tura mini reshe ɗaya, muka riƙa yi tare. Ta wurin ramukan wayar shingen ina ganin bayan Baba da hannuwansa. Ban taɓa ganin ya yi aiki da kyau kamar ranar ba. Ya ɗaura allon, ya jera wayoyi kamar kitso, yana hira da Hamani a kan turakun Gulma da na Augie da ya yi a da. Lambobin bireka da girmansu yake gane su, da tsarin da na jera su a kwali. Duk wanda ya gan shi ba zai ce komai ba.

Sai ya ɗauko wayar faranti, mai jan tef. Ya bi layin sama da yatsa, ya ƙirga daga hagu, ya zura ta ya ɗaure. Ya wuce, ya dawo ya sake taɓa notin. Sauran wayoyin da suka biyo baya suka sauko suka rufe takardar rawaya.

Na san abin da zai faru, don shi ya koya mini. Za a kunna wuta, fitilu duk su yi kore. Baturan wurin sabbi ne, ba wanda zai zauna yini guda yana jiran ƙas, ga hadari yana haɗuwa a gabas, Hamani sai duban sama yake. Zai ba Baba sauran turakun. Mu koma Badariya da labari mai daɗi, Inna ta daina auna shinkafa da ƙaramin kwano. Sai wata rana, bayan mun yi nisa, man janareta ya ƙare, akwatin ya yanke faranti tun farko ya bar kayan da ba su da amfani in babu shi. Wataƙila a ce laifin batir ne. Wataƙila a gano, a ce wani ɗan Najeriya ne ya yi.

Na yi tunanin in jira Hamani ya matsa in faɗa wa Baba a asirce. Amma bai matsa ba, kuma na ji yana cewa da an rufe akwatin zai sa kwaɗonsa ya tafi da mabuɗi, ya sauke mu a Dosso.

Haisa ta taɓa gwiwata. Ta jawo wani ɗan kwano mai murfi daga ƙarƙashin kujerarta ta buɗe. Waya ce a ciki, ƙarama mai madannai, a naɗe cikin tsumma don ruwa. Ta latsa ta nuna mini hoton wani saurayi da hular leburori, bayansa teku. Ta dafa ƙirjinta, ta nuna turken, ta kai wayar kunne, ta ce, «Juma'a.» Ita ce kalma ɗaya da na gane daga bakinta. Ta mayar da wayar ta rufe kwanon, ta ci gaba da tsinke zogale.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina riƙe da wayar shingen, ganyen zogale manne a yatsuna. Na ce Baba, ƙarar janareta ta haɗiye. Na sake faɗa da ƙarfi, muryar ta fito wata iri, kamar ba tawa ba.

«Baba, rawayar tana sama.»

Hamani ne ya fara juyowa. Baba bai juyo ba. Bayansa nake gani, da laka busasshiya a ƙafar wandonsa. Da ya so, da sai ya daka mini tsawa, ya ce yarinta ce, ya yi dabara ya gyara daga baya. Da ya so, da sai ya yi dariya ya ce hira ce ta ɗauke masa hankali, kuma na tabbata Hamani zai yarda. Ya ajiye sifana a hankali. Ya zura hannu ƙarƙashin wayoyin, ya bi ƙarfen da farce har ya ji gefen takardar. Ya tsaya a nan.

Hamani ya sunkuya ya ɗaga wayoyin ya duba. Ya ce, «Wannan kamfanin haka suke juya nasu. Ba ka lura ba ne, Malam Garba?»

«Ba rashin lura ba ne. Ban gani ba.» Ya janye hannunsa daga allon. «Yanar ido gare ni, duka biyun. Tun Gaya ɗiyata ke karanta min.»

Hamani ya fita daga shingen ya wuce ta gabana, ya je wajen motarsa ya tsaya ya dafa ta. Mai gadi ya sami abin yi a bayan rumfa. Ni dai ina riƙe da shinge, ina jin kamar na tuɓe wa Baba riga a tsakiyar kasuwa. Can Hamani ya dawo, ya buɗe ƙofar sosai, ya ce da ni, «Shigo. Cire abin hannun nan tukuna.»

Mu uku muka ƙarasa aikin. Baba ya kwance duk abin da ya ɗaure, ya sauya wa wayoyin layi. Yana tambaya ina amsawa, Hamani yana bin kowace da idonsa. Da Baba ya ɗaga birekar ƙarshe ya bi wayoyin da bayan yatsa, Hamani ya tsaya yana kallon hannun nan har ya gama. Ana sa kwaɗo ruwa ya sauko.

A rumfar mai gadi suka yi maganar, ina daga gefe. Hamani ya ce aikin da hannun Baba ke yi bai taɓa ganin irinsa ba, amma ba zai iya ba shi sauran turakun ba. Ya ce yau takarda ce, gobe sifana ce za ta faɗa tsakanin sandunan batir, kuma yarinya makaranta za ta koma. Ya ce zai biya aikin ukun cif, in an gyara idon a kira shi, ko da yake ba zai yi alkawarin aikin zai jira ba. Baba ya ce wannan gaskiya ce, da shi ne ma haka zai yi. Ya nemi gafarar ɓoyewar da ya yi. Hamani ya ce Allah ya yafe mana duka.

Da za mu shiga mota Haisa ta biyo ni cikin ruwa da ƙullin dambu mai zafi, ta cusa mini a hannu, ta gyara mini hijabi ta wuyana, tana ta magana. Ban san abin da ta ɗauka ya faru ba. Na ce mata fofo, ita kaɗai na iya da Zabarmanci, ban ma tabbata wurin faɗinta ne ba.

Daga ƙauyen zuwa Dosso Baba bai yi magana ba. Daga Dosso zuwa Gaya ma haka. Ya zauna jikin taga da jakar kaya a cinya, ya ɗora hannu biyu a kanta. Na yi ta lissafa abin da na jawo: kuɗin makarantar ƙannena, shinkafar Inna, zaman da zai koma yi a ƙofar gida yana gaisa da masu wucewa. Na so in ce ya yi haƙuri, amma ban san ta inda ake farawa ba. A Gaya ya sayi rake na tsaraba, ya sa aka yanka gunduwa ɗaya aka fere, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na riƙe ta har Kamba ban sha ba.

Motar Birnin Kebbi ta cika maƙil. Kusa da Baba wani tsoho ne mai buhun albasa a ƙarƙashin ƙafa. Mun wuce Bunza sai ya ciro wata 'yar takarda a hularsa da waya, ya miƙa wa Baba, ya ce Malam taimaka ka sa min lambar nan, ɗana zai tarbe ni a tasha. Na riga na ɗaga hannu zan kama gefen rigarsa, in karɓa da dabara kamar yadda muka saba.

«Ba ni gani, Alhaji,» in ji Baba, da muryar da har direba ya ji. «Yanar ido gare ni. Ba ɗiyata, ita ta iya.»

Tsohon ya ce Allah sarki, shi ma matarsa an cire mata bara, yanzu har zare take sa wa allura, ta dame su da ganin datti a ko'ina. Wata mata a baya ta ce ai gara namiji, in ya warke ba ya duba ƙasan tukunya. Aka yi dariya. Na sa lambar na miƙa wa tsohon.

Baba ya yi ta tambayarsa, kwana nawa aka yi, da zafi ko babu, ana sa mutum barci ko idonsa biyu. Da ya gama, yana fuskantar gaba, ya ce jibi in shirya da wuri, ni zan raka shi asibitin, don Inna in ta ga allura sai ta rigaye shi suma.

Na ce to.

Hanya ta gangara, iska ta canza, na ji warin ruwa da ciyawa. Baba ya karkata kai wajen taga ya ƙanƙance ido.

«Mun kai fadama?»

Na ce mun kai.

«Ruwa ya hau shinkafa ko da saura?»

Na ce da saura, kawunanta duk suna waje.

«Ɗaga murya, ba sata munka yi ba. Mi kike gani?»

Na gyara zama. Na ce shinkafa ta yi kore har inda ido ya tsaya, akwai wani mutum a kwalekwale yana bin gefen gona, da balbelu a kan kunyar gona, da mata biyu suna wanki sun shanya jan zane a kan ciyawa.

«Balbelu nawa?»

Na fara ƙirgawa da ƙarfi, suka tashi.